Darasi na Tara: Zaɓen Ƙananan Hukumomi

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana ma'anar ƙaramar hukuma da ayyukanta;
2. ba da tarihin zaɓen kansiloli a Ingila da kuma ƙasar Suleja;
3. bambance zaɓen fili da zaɓen sirri;
4. yin amfani da *an, aka, ana, ake, akan* da *za a* a cikin jimla.

Share Fage

Kafin ku fara karatu, ku amsa waɗannan tambayoyi da baki. Wane ne shugaban ƙasar Nijeriya? Wane ne gwamnan jiharku? To, wane ne kansilan mazaɓarku? Idan tambaya ta uku ce ta gagare ku, ku riƙe ta a zuciya har ku kai ƙarshen darasin.

A. KARATU

Hukumar da ke bakin ƙofa

Ɗalibin da ya fito daga gida a Kwamba da safe ya nufi cikin garin Suleja zai wuce abubuwa da yawa waɗanda ido ya saba da su. Zai ga rumfunan kasuwa da tashar mota. Zai ga makarantar firamare da ɗakin shan magani. Zai tsallake magudanar ruwa, wataƙila kuma ya toshe hanci idan ya iso juji. Duk waɗannan suna da alaƙa da hukuma guda, wato ƙaramar hukuma.

Mulki a Nijeriya hawa uku ne: gwamnatin tarayya, da gwamnatin jiha, da ƙaramar hukuma. Akwai ƙananan hukumomi 774 a ƙasar baki ɗaya. Jihar Neja tana da 25 daga cikinsu, Suleja kuwa ɗaya ce a ciki. An raba kowace ƙaramar hukuma zuwa mazaɓu, kowace mazaɓa kuma tana tura wakili ɗaya zuwa majalisa. Wannan wakili shi ake kira kansila. Daga cikin mazaɓun Suleja akwai Kurmin Sarki, da Magajiya, da Wambai.

Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. Ita ke kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu. Ita ke kwashe shara, da raɗa wa tituna suna, da sa wa gidaje lamba. Haka kuma tana da hannu a harkar ilimin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Shugaban ƙasa ba zai san magudanar da ta toshe a wata unguwa ta Kwamba ba, amma kansila ya kamata ya sani, domin shi ma ta nan yake wucewa.

Sai dai ba haka kawai aka wayi gari jama'a suna zaɓen waɗannan wakilai ba. An daɗe ana tafiya kafin a iso nan. Tun da yake daga hannun Turawan Ingila muka gaji kalmar *kansila* da wani ɓangare na tsarin, bari mu fara leƙa ƙasarsu.

Yadda abin ya faro a garuruwan Ingila

A farkon ƙarni na 19, garuruwa da yawa na Ingila suna da majalisun gari, amma a mafi yawansu ba jama'a ke zaɓen 'yan majalisar ba. Idan ɗan majalisa ya mutu, sauran su ne za su zauna su ɗauko wanda suke so, sau da yawa ɗan'uwa ko aboki, su ɗora shi a kujerar. Mutanen gari suna biyan kuɗi, amma ba su da bakin tambayar inda kuɗin ya shiga.

A shekarar 1835 majalisar dokokin ƙasar ta yi wata doka wadda ta gyara mulkin garuruwa 178. Dokar ta ce daga yanzu masu biyan harajin gida su ne za su zaɓi kansiloli. Kowane kansila zai yi shekara uku, kuma kowace shekara, a farkon watan Nuwamba, kashi ɗaya cikin uku na kansilolin za su sauka a sake zaɓe. Kansilolin kuma su ne ke zaɓen magajin gari.

Wannan gyara ne babba, amma ya bar giɓi biyu. Na farko, masu jefa ƙuri'a 'yan kaɗan ne. Sai namiji, magidanci, wanda ya shekara kusan uku yana zaune a garin yana biyan haraji. Talakawa da yawa ba su shiga ba, mata kuwa ko ɗaya. Sai a 1869 aka yarda wa matan da ke biyan harajin gida da sunansu su yi zaɓen majalisar gari.

Giɓi na biyu shi ne rashin sirri. Mai zaɓe yakan rubuta sunan wanda yake so a takarda, ya sa hannu da sunansa, ya miƙa. Saboda haka ana iya sanin wanda kowa ya zaɓa. Ɗan haya yana tsoron mai gida, ma'aikaci yana tsoron mai masana'anta, mai kanti kuma yana tsoron kada masu ciniki su guje shi. Wanda ya ba da cin hanci ma yana da hanyar tabbatar da cewa kuɗinsa bai tafi a banza ba. A shekarar 1872 ne aka yi dokar zaɓen sirri, mutum ya shiga wani ɗan keɓaɓɓen wuri shi kaɗai, ya yi alama a takarda, ya naɗe ta, ya jefa a akwati.

Me zaɓaɓɓiyar majalisa za ta iya yi wa gari? Birnin Birmingham ya ba da misali. An zaɓi Joseph Chamberlain kansila a 1869, ya zama magajin gari daga 1873 zuwa 1876. A zamaninsa majalisar ta saye kamfanin ruwan sha da kamfanonin iskar gas daga hannun 'yan kasuwa, ta mayar da su mallakar gari, ta kuma tsara shirin rushe wasu unguwanni masu cunkoso da ƙazanta don buɗe sabon titi a tsakiyar birnin.

Daga fada zuwa En'e

Yanzu mu dawo gida. Garin da muke kira Suleja a yau, a da sunansa Abuja. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya yo kudu. Bayan rasuwarsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Shi ya sa har gobe ake kiran sarkin wannan gari Sarkin Zazzau Suleja.

A tsarin gargajiya, sarki ne ke bisa, sai hakimai, sai dagatai, sai masu unguwanni. Akwai zaɓe a wannan tsari, amma na 'yan majalisar sarki ne: idan sarki ya rasu, masu zaɓen sarki ne ke zama su fitar da magaji daga gidan sarauta. Talaka yana iya kai kukansa wurin mai unguwa, amma ba shi da ƙuri'a.

Turawa sun mamaye Abuja a 1902. Ba su rushe sarauta ba. Sun yi mulki ta hannun sarakuna, a ƙarƙashin hukumar da Hausawa suka sani da suna En'e. En'e tana da baitulmalinta, da 'yan dokarta, da kotunan alƙalai, da gidan yari. Ita ke karɓar haraji da jangali, Razdan da Di'o suna sa ido a kanta.

A watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar dokokin Arewa a Kaduna, ya nemi a gyara tsarin En'e domin jama'a su sami ta cewa. A wannan watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta matsa ƙwarai a kan haƙƙin talaka. Daga nan aka fara sauye-sauye. An daina barin sarki ya yanke hukunci shi kaɗai, sai tare da majalisarsa. An yi dokar En'e ta 1954, aka kuma riƙa kafa majalisun gunduma da na gari masu zaɓaɓɓun wakilai. A lokacin, Sarki Sulaimanu Barau ne ke kan gadon Abuja. Ya hau mulki a 1944, kuma malamin makaranta ne da ya yi karatu a Kwalejin Katsina.

Amma a nan ma an bar giɓi irin na Ingila. Maza kaɗai ke zaɓe a Arewa. Ko a babban zaɓen 1959, wanda ya share fagen samun mulkin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya tana cikin waɗanda suka sha ɗauri saboda fafutukar neman wa mata wannan 'yanci.

Gyaran 1976 da abin da ya biyo baya

Shekarar 1976 tana da muhimmanci ga mutanen wannan yanki. A watan Fabrairu aka ƙirƙiro Jihar Neja mai hedkwata a Minna, aka kuma yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya. An ɗebi wani sashe na ƙasar masarautar aka haɗa cikin yankin sabon birnin, aka ba shi sunan Abuja. Daga baya tsohon garin ya ɗauki sunan Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu.

A wannan shekarar ce kuma gwamnatin soja ta yi babban gyara ga mulkin ƙananan hukumomi. An soke En'e, aka shimfiɗa tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa. An tanadi cewa mafi yawan 'yan majalisar su zama zaɓaɓɓu. Sarakuna suka koma majalisun masarautu a matsayin iyayen ƙasa masu ba da shawara. An yi zaɓen farko na sabon tsarin a ƙarshen shekarar ba tare da jam'iyyu ba, kuma daga wannan lokaci ne doka ta buɗe wa matan Arewa ƙofar zaɓe.

A watan Disamba na 1990 aka gwada wata hanya. Jam'iyyu biyu ne kawai a lokacin, SDP da NRC. An ajiye akwati gefe, aka ce masu zaɓe su yi layi a bayan hoton wanda suke so, a ƙidaya su a gaban kowa. Masu goyon bayan wannan hanya sun ce tana hana maguɗi, tun da kowa ya ga tsawon layi da idonsa. Masu suka kuwa suka ce tana cusa tsoro, kamar dai yadda ya faru a Ingila kafin 1872.

Zaɓe a yau

Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce dole ne majalisun ƙananan hukumomi su kasance zaɓaɓɓu. Hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, ita ke yi wa masu zaɓe rajista ta ba su kati. Amma hukumar zaɓe ta jiha ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi. Duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18, namiji ko mace, mai kuɗi ko talaka, yana da ƙuri'a ɗaya. A ranar zaɓe yakan je rumfar zaɓe da katinsa, a tantance shi, ya dangwala yatsa a kan alamar jam'iyyar da yake so, ya zaɓi shugaban ƙaramar hukuma da kuma kansila.

Duk da haka akwai sauran rina a kaba. Sau da yawa mutane ba sa fitowa wannan zaɓe kamar yadda suke fitowa zaɓen shugaban ƙasa. A jihohi da dama, jam'iyyar da ke mulkin jiha ce ke lashe kusan dukkan kujeru, abin da ke sa wasu su ce fitowa ɓata lokaci ne. Wasu gwamnoni ma sukan ƙi yin zaɓen, su naɗa kantomomi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin tarayya kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai doka ta sani.

Kotu tana iya yanke hukunci, amma ba za ta tsaya wa kowa a layi ba. Yawancinku za ku cika shekara 18 nan ba da daɗewa ba. Ƙuri'ar da aka hana talakan Ingila a 1835, aka hana matan Arewa a 1959, za ta zo hannunku kyauta. Idan kun karɓe ta, ku fara da sanin sunan kansilanku, da abin da ya yi alkawari, da abin da ya cika.

B. TATTAUNAWA

*Ku karanta wannan hira bibbiyu. Wata tsohuwa ce da jikanta a tsakar gida a Kwamba. Ku lura da wasan da ke tsakanin kaka da jika a al'adar Hausawa.*

Jika: Kaka, sannu da hutawa. Malaminmu ya ce mu tambayi manya yadda ake zaɓe a da.

Kaka: Yauwa, maigidana. Yau kuma ba cefane ka kawo mini ba, sai tambaya?

Jika: Cefane sai na fara aiki. Yaushe kika fara jefa ƙuri'a?

Kaka: A 1979, ina goye da babanka. Mahaifiyata ma ranar ta fara, tana da furfura a ka.

Jika: Ikon Allah! To, zaɓen layi fa? Kin yi shi?

Kaka: Na yi mana. Ranar ce ba zan manta ba. Mutum biyu suka fito takarar kansila. Ɗaya ɗan maƙwabcinmu ne, ɗaya kuma shi na ga ya fi riƙon amana.

Jika: Bayan wa kika tsaya?

Kaka: Na ɗaga ido sai ga uwar yaron nan tana kallona. Shekara ashirin muna ɗebo ruwa a rijiya ɗaya. Ƙafata ta kai ni layin ɗanta, zuciyata tana ɗaya layin.

Jika: Ashe kunya ce ta yi zaɓen, ba ke ba.

Kaka: Ka faɗi gaskiya, ko da yake bakinka ya fi ka girma. Ku yanzu daga ku sai Allah a wurin dangwalawa. Kada ka sayar da taka saboda sabulu ko taliya.

Jika: In Allah ya yarda ba zan sayar ba, Kaka.

Kaka: Allah ya yi maka albarka.

C. MA'ANAR KALMOMI

- mazaɓa: yankin da mutanensa ke zaɓen wakili ɗaya
- ƙuri'a: alamar da mutum ke bayarwa don nuna wanda ya zaɓa
- takara: neman wani muƙami tare da wasu masu nema
- magajin gari: shugaban majalisar birni
- magidanci: namiji mai riƙe da gida da iyali
- giɓi: wurin da aka bari ba a cike ba
- baitulmali: ma'ajiyar kuɗin hukuma
- jangali: harajin shanu
- fafutuka: ƙoƙari mai tsanani don samun wani abu
- maguɗi: ha'inci a wurin zaɓe ko ƙidaya
- tantance: bincika don tabbatar da gaskiyar abu
- kantoma: wanda aka naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba
- akwai sauran rina a kaba: aiki bai ƙare ba tukuna

D. TAMBAYOYI

1. Ƙananan hukumomi nawa ne a Nijeriya, nawa ne kuma a Jihar Neja?
2. Kawo ayyuka huɗu na ƙaramar hukuma.
3. Ta yaya ake cike gurbin ɗan majalisar gari a Ingila kafin 1835?
4. Waɗanne giɓi biyu ne dokar 1835 ta bari?
5. Wane ne ya kafa garin Abuja na farko, kuma a wace shekara?
6. Faɗi abubuwa uku da suka faru a 1976.
7. Me ya sa Kaka ta tsaya a layin ɗan maƙwabcinta?
8. Yi bayanin karin maganar nan: *Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.*

E. NAZARIN HARSHE

1. Idan ba a ambaci mai aiki ba

A Hausa, idan ba mu san wanda ya yi aiki ba, ko kuma ba ma bukatar ambatonsa, mukan yi amfani da waɗannan ƙananan kalmomi:

- an (shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya): *An soke En'e.*
- aka (shuɗaɗɗen lokaci na biyu): *A 1872 aka yi dokar zaɓen sirri.*
- ana (lokaci mai ci na ɗaya): *Ana ƙidaya ƙuri'u.*
- ake (lokaci mai ci na biyu): *A rumfa ake jefa ƙuri'a.*
- akan (lokaci sabau): *Akan yi layi tun da safe.*
- za a (lokaci mai zuwa): *Za a yi zaɓe gobe.*

Ku lura: idan aka gabatar da lokaci ko wuri a farkon jimla don ƙarfafa shi, ko aka yi tambaya da *yaushe, ina, yaya*, sai *an* ta koma *aka*, *ana* kuma ta koma *ake*. Misali: *An yi zaɓe jiya.* Amma: *Jiya aka yi zaɓe.*

*Cike gurbi da kalmar da ta dace:*

a. A 1828 ______ kafa garin Abuja.
b. Yanzu haka ______ tantance masu zaɓe.
c. Ina ______ karɓar katin zaɓe?
d. ______ rantsar da sababbin kansiloli mako mai zuwa.
e. Yaushe ______ ƙirƙiro Jihar Neja?

2. Kalmomi 'yan gida ɗaya

Daga aikatau *zaɓa* ake samun *zaɓe, zaɓi, mazaɓa, zaɓaɓɓe, zaɓaɓɓiya, zaɓaɓɓu*. Sanya kowace ɗaya a cikin jimla taka ta kanka.

3. Tilo da jam'i

Kawo jam'in waɗannan kalmomi: kansila, ƙuri'a, mazaɓa, jam'iyya, hakimi, dagaci, kasuwa, akwati.

F. AIKIN AJI

A raba aji gida biyu a yi muhawara a kan wannan batu: *Zaɓen sirri ya fi zaɓen layi.* Bayan muhawara, a zaɓi shugaban aji sau biyu, da farko ta hanyar layi, sannan ta hanyar takarda da akwati. A rubuta sakamakon biyu a allo, a tattauna dalilin bambancin idan an samu.

G. AIKIN GIDA

1. Tambayi wani babba a gidanku sunan mazaɓarku da sunan kansilanku.
2. Rubuta wa kansilan wasiƙa mai kalmomi 150 da Hausa, ka bayyana masa matsala ɗaya da ke damun unguwarku, da hanyar da kake ganin za a bi a magance ta.